Fara-da-Kaɗan a Sana'ar Yawo da Matafiya: Darussa Daga Kano da Agadas Zuwa Jangebe

GABATARWA

Tafiya, in ji Bahaushe, mabuɗin ilimi ce. To, amma kafin ta buɗe wa matafiyi ilimi, sai an sami wanda ya san hanya, ya san mashaya, ya san zango, ya kuma ɗauki nauyin kai mutane da komowa da su lafiya. Ɗaukar wannan nauyi sana'a ce mai zaman kanta, kuma tsohuwa ce a ƙasar Hausa. A zamanin nan ta sake kama, inda matasa ke kafa ƙananan kamfanoni na kai mutane yawon buɗe ido a wurare masu wuyar zuwa, kamar hamada da duwatsu da dazuzzuka da manyan koguna. Irin wannan yawo shi za mu kira yawon kasada.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba wata dabara ta kafa sabon kamfani wadda ta yi suna a duniya, a gwada ta da abin da ya faru ga waɗanda suka riƙe wannan sana'a a Kano da Agadas, sa'an nan a ga abin da saurayin da ya tashi a Jangebe ko Bakura ko Maradun zai iya ɗauka daga ciki. Abin da za a nuna shi ne, dabarar tana da amfani ƙwarai, sai dai tana da iyaka guda wadda ba a ƙetarewa: ana gwaji da kuɗi da lokaci, amma ba a gwaji da ran mutum.

MA'ANAR TSARIN FARA-DA-KAƊAN

Asalin wannan tsari daga ƙasar Japan yake. Bayan yaƙin duniya na biyu, kamfanin motoci na Toyota ya sami kansa cikin ƙarancin jari da kayan aiki, saboda haka wani injiniyansa mai suna Taiichi Ohno ya jagoranci tsara aiki ta yadda ba za a ƙera abin da ba a buƙata ba, ba za a tara kaya a jibge ba, kuma kowane ma'aikaci yana da ikon jan igiya ya tsai da layin ƙira in ya ga aibi. A shekarar 1999 zuwa farkon wannan ƙarni an ga kamfanonin intanet da yawa a Amurka sun cinye dukiyar masu zuba jari sun mutu, saboda sun gina abin da babu mai saye. Daga waɗannan tushe biyu ne wani Ba'amurke mai suna Eric Ries ya fito da littafinsa The Lean Startup a 2011. Kalmar da ya yi amfani da ita tana nufin jiki marar kitse, watau sana'ar da aka rage wa duk wani nauyi da bai zama dole ba. Mu a nan za mu kira shi tsarin fara-da-kaɗan.

Ginshiƙansa huɗu ne. Na farko, mai sabuwar sana'a ya yarda cewa duk abin da ke kansa zato ne, bai zama sani ba tukuna. Na biyu, ya fitar da mafi ƙanƙantar samfurin hajarsa ya kai wa masu saye, kamar dai yadda mai tsire ke miƙa ɗanɗano kafin a yi ciniki. Na uku, ya auna abin da mutane suka aikata, ya rage dogara ga abin da suka faɗa da baki. Na huɗu, in awon ya nuna zatonsa bai yi daidai ba, ya juya akala tun jarinsa bai ƙare ba.

TUSHENSA A FATAUCI

Wanda ya san tarihin fatauci ba zai ga baƙon abu a nan ba. A ƙarni na 19, ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro yakan tashi daga Kano ko Katsina, ya ratsa ta wajen Jega ko Yawuri, ya ƙetare Kwara, ya bi ta Borgu har Salaga, tafiya ta watanni. Shugaban ayari shi ne madugu. Akwai jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da masauki, akwai uban dawaki, akwai malamin ayari mai riƙe da lissafi da addu'a, akwai kuma fatoma a can zango mai saukar baƙi ya haɗa su da masu saye.

Abin lura shi ne, ba a zama madugu dare ɗaya. Yaro yakan fara da kora jaki a ayarin wani, ya riƙa ɗan ƙunshin kayansa a gefe, in ya ga riba ya ƙara. Haka nan madugu ba shi ne mai jakunan ayari duka ba. Kowane falke da kayansa, abin da madugu ke sayarwa shi ne sanin hanya, da sanin sarakunan da za a biya fito ko kuɗin ƙasa, da amincin da ke sa mutane su bi bayansa. Jagaba kuwa shi ne ma'aunin ayari, domin ba a tura mutane da dabbobi gaba sai ya dawo da labari. Waɗannan abubuwa uku, watau farawa da kaɗan, da rashin tara kadara, da auna hanya kafin a taka, su ne za mu sake gani a misalan da ke tafe.

DARASI NA FARKO: A FARA DA ƊANƊANO

Misali mafi shahara a tarihin wannan sana'a shi ne na Thomas Cook na Ingila. Ran 5 ga Yuli, 1841, ya shirya da kamfanin jirgin ƙasa aka kwashi mutum wajen 500 daga garin Lesta zuwa Lafbara, tafiyar da ba ta wuce mil goma sha biyu ba, don halartar taron masu yaƙi da shan giya. Kowa ya biya sule ɗaya. Cook bai sayi jirgi ba, bai gina masauki ba. Ya yi shekaru yana maimaita irin wannan gajeriyar tafiya, sai a 1845 ya shirya ta neman riba zuwa Libaful, kuma sai a 1872 ya kai mutane zagayen duniya. Tsakanin sule ɗaya da zagayen duniya akwai shekara talatin da ɗaya na gwaji da gyara.

Darasin a fili yake. Mai sabon kamfanin yawo yakan ɗauka cewa farkon aiki shi ne sayen mota da kama ofis da buga allo. Alhali farkon aiki shi ne tafiya ɗaya, gajeriya, da motar haya, da mutanen da suka biya kuɗinsu tun kafin ranar tashi. In tafiyar ta yi kyau ya koyi abu, in ba ta yi ba ya koyi abu, kuma asararsa ba ta wuce kuɗin mai da hayar yini guda ba.

DARASI NA BIYU: A SAN MASU BUƘATA

A ƙasar Hausa babu tafiyar kasada da ta kai aikin hajji ta ƙasa. Maniyyata sukan bi ta Barno, su shiga Cadi ta Fallomi, wadda ake kira Njamena a yau, su wuce Abashe, su ratsa Darfur har bakin Bahar Maliya, sa'an nan su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Da yawa sukan yi shekaru a hanya, suna tsayawa ƙwadago a gonakin auduga na Jazira don neman guzuri, wasu ma can suka zauna har abada. A 1948 wasu attajiran Kano uku, Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazan Afirka ta Yamma, wadda aka fi sani da WAPA. Suka samar da motoci masu ɗaukar maniyyata ta wannan hanya ta Barno da Cadi zuwa Sudan. Sunan ƙungiyar shi ne ya bi unguwar Wapa da ke Fagge, inda 'yan canji ke hada-hada.

Waɗannan mutane ba su ƙirƙiri buƙata ba, sun tarar da ita a ƙofar gidajensu. Sun san maniyyaci, sun san harshensa da abincinsa da tsoronsa, sun san cewa abin da ya fi damunsa shi ne tsawon hanya da cutar 'yan damfara. A gwada wannan da abin da ya sami kamfanin Cook a Indiya. A 1886 gwamnatin Ingila da ke mulkin ƙasar ta ba shi aikin jigilar alhazai, amma zuwa 1893 aka soke shirin saboda babu riba, domin galibin maniyyata sun ci gaba da bin dillalan da suka saba da su. Kamfanin da ya iya kai Turawa Masar da Kudus ya kasa jawo talakan Bombai, saboda bai san shi ba.

Akwai wani misali a ƙasar Zamfara kanta, ko da yake ba na tafiya ba ne. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara aka gama a 1978, aiki ne da aka fara da babba. An tsara shi a takarda, an tashi ƙauyuka, an karɓe gonaki, ba a zauna da manoman da aka ce don su ake yi ba yadda ya kamata. Rikicin diyya ya kai ga zubar da jinin manoma a hannun 'yan sanda a watan Afrilu na 1980. Duk aikin da aka gina a kan zaton abin da mutane ke so, ba tare da an tambaye su ba, yana iya zama musiba, komai yawan kuɗin da aka zuba.

DARASI NA UKU: JARIN GASKE SHI NE SANI DA AMINCI

Kamfanin yawon kasada mafi kusa da mu wanda ya yi suna a duniya a Agadas ya tashi, birnin Abzin da Hausa ke cikin manyan harsunan kasuwarsa. Mano Dayak, Ba'abzine ne da aka haifa a kwarin Tidene, ya yi karatu har Faransa da Amurka. A cikin shekarun 1970 ya komo Agadas ya kafa kamfanin Temet, sunan da ya samo daga wasu tsaunukan yashi da ke bakin hamadar Tenere. Lokacin kuwa fari na 1973 da 1974 ya kashe dabbobin makiyaya, ya koro da yawa daga cikinsu gari.

Abin da Dayak ya gane shi ne, yana tsaye tsakanin mutane iri biyu da ba su san juna ba. Ga Turawa masu kuɗi da sha'awar ganin hamada, ga kuma 'yan'uwansa waɗanda suka san kowace rijiya da kowane tauraro amma ba su da abin yi. Shi ya san harsuna da halayen ɓangarorin biyu. Da wannan ya gina sana'a, inda Abzinawa suka zama 'yan jagora da direbobi da masu raƙuma da masu dafa abinci. Daga baya ya yi hulɗa da Thierry Sabine, wanda ya kafa tseren motoci na Faris zuwa Dakar a ƙarshen 1978, tseren da ya riƙa ratsa Agadas da Tenere, ya kuma taimaka wa masu shirya fim da suka zo ɗaukar hoto a hamada. Ta haka sunan Agadas ya shiga kunnen duniya.

Ashe ke nan hajar mai wannan sana'a irin ta madugu ce. Mota kowa na iya saye ko haya. Abin da ba a samu a kasuwa shi ne mutumin da ya san inda ruwa yake, da mutanen gari da za su karɓi baƙo saboda darajar wanda ya kawo shi. Mai farawa ya kamata ya zuba ƙarfinsa a nan tun kafin ya zuba kuɗinsa a ƙarfe.

DARASI NA HUƊU: JUYA AKALA DA IYAKARSA

Da jirgin sama ya samu a shekarun 1950, masu WAPA ba su nace wa mota ba, sai suka shiga jigilar alhazai ta sama. Buƙatar ba ta sauya ba, hanyar biyanta ce ta sauya, kuma wannan shi ne juya akala na hankali. Duk da haka, a 1975 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa, ta karɓe aikin daga hannun wakilai masu zaman kansu. Akwai iskar da ta fi ƙarfin dabarar ɗan kasuwa.

Abin da ya sami Agadas ya fi wannan tsanani. Tawayen Abzinawa na farkon shekarun 1990 ya tsai da zuwan baƙi, shi kansa Dayak ya zama ɗaya daga shugabannin tawayen, ya kuma rasu a haɗarin jirgin sama ran 15 ga Disamba, 1995. Sunansa ne filin jirgin saman Agadas ke ɗauke da shi. Baƙi sun fara komowa bayan sulhu, sai wani tawaye ya ɓarke a 2007, aka soke tseren Dakar na 2008 saboda barazanar tsaro aka mai da shi Kudancin Amurka, sa'an nan aka sace ma'aikatan haƙar yuraniyom a Arlit a 2010. Ko da hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin Agadas cikin kayan tarihin duniya a 2013, masu zuwa kallo sun riga sun ɗauke ƙafa.

A nan ne iyakar tsarin fara-da-kaɗan ta bayyana. An tsara shi ne don masu manhajar kwamfuta, waɗanda in gwajinsu ya lalace sai su goge su sake. Mai yawo da mutane ba shi da wannan dama. Yana iya gwada farashi, ya gwada tsawon tafiya, ya gwada irin abinci, amma ba ya iya gwada ko hanya tana da lafiya ta hanyar tura mutane a kanta ya ga abin da zai faru. Daga cikin koyarwar Toyota, wadda ta fi dacewa da shi ita ce ta jan igiya: direba ko ɗan jagora ko mai masauki, duk wanda ya ji abin da bai kwanta masa ba, yana da ikon tsai da tafiya, a mai da wa mutane kuɗinsu ba gardama.

IN AKA KAWO MAGANAR GIDA

Ƙasar Zamfara ba ta rasa abin kallo ba. Ga tafkin Bakolori da masuntansa, ga dutsen Kwatarkwashi, ga duwatsun Kanoma, ga dajin Kuyambana, ga kabarin Namoda a Ƙaura. Saurayin da ya gama karatu ya koma Jangebe yana iya duban waɗannan ya yi mafarkin kamfani. Tsarin da muke magana a kai zai umarce shi ya jera zace-zacensa, ya fara da wanda in ya rushe komai ya rushe. Wannan zato kuwa shi ne cewa za a je a dawo lafiya.

Shekarar 2021 kaɗai ta isa amsa. Ran 26 ga Fabrairu 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar sakandaren 'yan mata ta Jangebe, aka sako su a farkon Maris. A watan Agusta aka kai hari kwalejin aikin gona ta Bakura aka sace ɗalibai da ma'aikata. A farkon Satumba aka ɗauke ɗalibai fiye da 70 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun, har gwamnati ta rufe layukan waya da kasuwannin mako a jihar. Dajin Kuyambana kuwa an fi jin sunansa a labarin maɓoyar ɓarayin daji. Wannan awo ne da aka riga aka yi da hawayen iyaye, babu buƙatar wani ya sake yinsa da fasinjojinsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wannan bai nuna saurayin ya naɗe hannu ba. Akwai aikin da ake yi kafin hanya ta buɗe, kuma yawancinsa ba ya cin kuɗi. Yana iya zama yaron wani mai wannan sana'a a wurin da ake yinta, kamar Kano ko Yankari ta jihar Bauci, ya koyi lissafi da karɓar baƙi, yadda ɗan falke ke farawa da kora jaki. Yana iya zama da dattawan garinsu ya rubuta tarihin wurare da sunayen tsofaffin zanguna da mashaya, domin wannan shi ne jarin ɗan jagora, kuma yana tafiya da masu shi in ba a rubuta ba. Yana iya juya akala ga masu saye, ya daina jiran Bature daga Faransa, ya dubi ɗalibai da malamai da 'yan kasuwa na cikin birane, ya shirya musu yawon yini guda a inda suke, kamar Hubbaren Shehu a Sakkwato, ko Dala da Gidan Makama a Kano, ko rijiyar Kusugu a Daura.

A irin wannan ƙaramin gwaji, ya kula da abin da yake ƙirgawa. Yawan masu yaba hotunansa a Facebook ba ciniki ba ne. Abin ƙirgawa shi ne mutum nawa suka biya tun kafin tafiya, nawa suka sake dawowa, nawa suka kawo wani, kuma me ya rage a aljihu bayan an biya mai mota da mai abinci da ɗan jagora. A ce ya gayyaci mutum talatin, goma suka ce za su zo, huɗu suka biya. To, huɗun nan su ne kasuwarsa, kuma su zai tambaya abin da ya jawo su da abin da ya ɓata musu rai.

KAMMALAWA

Mun ga cewa tsarin fara-da-kaɗan, duk da ya zo da sunan Japan da Amurka, yana da dangi a ayarin Gwanja. Thomas Cook ya nuna amfanin ɗanɗano, masu WAPA sun nuna amfanin sanin masu buƙata da juya akala a kan kari, Mano Dayak ya nuna cewa sani da aminci sun fi ƙarfe daraja, Bakolori kuma ta nuna illar farawa da babba ba tare da shawarar jama'a ba. Daga Agadas da Jangebe mun koyi cewa wannan sana'a ɗiyar zaman lafiya ce, inda babu shi ba ta rayuwa. Saboda haka nauyi ya rataya a wuyan masu mulki su mai da aminci ga hanyoyin Zamfara, ya kuma rataya a wuyanmu ɗalibai da malamai mu tattara tarihin wuraren nan tun masu saninsa suna raye. Shi kuwa mai niyyar zama madugun zamani, ya riƙe maganar magabata cewa hanyar lafiya a bi ta da shekara.